Abin da ke Bayan Taga: Sharhi a kan Wani Fim na Italiya



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a garin Dakoro. Kowace shekara, in an kai amfanin gona rumbu, sai mu buɗe aji a ƙarƙashin rumfa, manya maza da mata su zo koyon karatu da rubutu da lissafi. Na daɗe ina lura da wani abu. Mutum zai yi wata uku yana fama da baƙi da wasali, yana tuhumar kowace kalma, yana tambaya wa ya rubuta ta. Amma da ya ciro salula daga aljihu aka nuna masa hoto mai motsi, sai ya ce: "Ai na gani da idona." Rubutu yana jin tsoronsa, hoto kuwa ya amince masa kamar ɗan uwa. To, hoto ma rubutu ne. Akwai hannun da ya rubuta shi, akwai abin da aka zaɓa aka sa, akwai abin da aka ture gefe. Shi ya sa yau nake so mu leƙa bayan wani fim, mu ga yadda aka ƙera shi.

Fim ɗin na Italiya ne, sunansa Professione: Reporter, wato "Sana'a: ɗan jarida". A ƙasashen da ake Ingilishi ana ce masa The Passenger, wato fasinja. Ya fito a 1975. Wanda ya shirya shi Mikelanjelo Antoniyoni, mutumin garin Ferara, an haife shi a 1912, ya rasu a 2007. Na fara ganinsa ina makarantar horon malamai a Maraɗi, a kwamfutar wani abokina, da Faransanci. Irin fim ɗin nan ne na farauta, wanda ake bin mutum ana neman ransa, mai kallo na zaune zuciya na dukan uku-uku. Sai dai shi Antoniyoni ba mai gaggawa ba ne. Wanda ya saba da fim ɗin Indiya ko na Kano zai iya yin gyangyaɗi. Ba waƙa, ba rawa, kiɗa ma kaɗan ne. Amma mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Labarin a taƙaice

Wani ɗan jarida ne na talabijin, Debid Lok, haifaffen Ingila, tashin Amurka. Jak Nikolson ne ya fito a matsayinsa. Ya zo hamada neman ƴan tawaye don ya yi hira da su. Yaƙin da fim ɗin ke nufi na Cadi ne, maƙwabciyarmu ta gabas, inda ƙungiyar FROLINAT, wadda aka kafa a 1966, ta yaƙi gwamnatin Tombalbaye. Lok ya yi ta yawo bai samu kowa ba. Landirobarsa ta kafe a rairayi, ya komo masauki a ƙasa. Ya gaji da aikin, ya gaji da aurensa, ya gaji da kansa. A wani ɗaki na otel ɗin sai ya tarar da wani Bature mai suna Robatsan ya mutu, ciwon zuciya. Suna kama da juna. Sai Lok ya ɓamɓare hoton fasfonsa ya liƙa a na mamacin, ya liƙa na mamacin a nasa, ya je ya shaida wa masu otel cewa Lok ya rasu.

Ashe gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago. Robatsan dillalin makamai ne, shi ke sayar wa ƴan tawayen bindigogi. Lok ya bi littafin alkawuran mamacin, daga Landan zuwa Munik ta Jamus, inda wakilin ƴan tawaye ya ba shi kuɗi ya yi masa godiya, daga nan zuwa Basalona ta Sifen. Can ya haɗu da wata yarinya mai karatun gine-gine, wadda fim bai ba ta suna ba. Mariya Shinaida ce ta fito a matsayinta. Ƴan leƙen asirin gwamnatin da ake yaƙa suna bin sawunsa su kashe shi. Matarsa kuma tana neman Robatsan don ya gaya mata yadda mijinta ya mutu, ba ta san mijin nata take bi ba. A ƙarshe, a wani ƙaramin otel a kudancin Sifen, makasan suka riga ta isa.

Yadda aka fara aikin

Wannan fim ba shi Antoniyoni ya yi niyyar yi ba. Yana da yarjejeniyar fim uku da wani attajirin silima na Italiya, Karlo Ponti, da kamfanin MGM na Amurka. Ya yi biyu: Blow-Up a 1966, wanda ya ci kasuwa, da Zabriskie Point a 1970, wanda ya jawo hasara mai yawa. Na ukun ya so ya ɗauka a kurmin Amazon, har ya gama rubuta labari, sai mai kuɗi ya janye. Aka miƙa masa labarin wani matashi ɗan Ingila, Mak Peplo, aka ce ga wannan. Kun ga tun ba a kunna kamara ba, mai kuɗi ya riga ya zaɓi abin da za mu kalla.

An ɗauki fim ɗin a 1973. Hamadar da muke gani ba ta Cadi ba ce. A kudancin Aljeriya aka yi aikin, kusa da iyakar Libiya. Yankin nan ƙasar Buzaye ce, arewacin Cadi kuwa ƙasar Tubawa. A wurin mai kallo na Turai duk rairayi ne da rawani. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da Buzu, mun san Buzu daban, Batube daban, ko a harshe, ko a sutura, ko a sirdin raƙumi.

Shekarar 1973 kuma ba baƙuwa ba ce a wurin mutanen Dakoro. Ban zo duniya ba a lokacin, amma da wuya ka zauna da dattijo bai ambace ta ba. Shekarar babban fari ce. Shanu sun zube daga kwarin Tarka har Gadabeji, makiyaya Buzaye da Fulani sun gangaro kudu hannu rabbana. Yunwar nan na cikin abubuwan da suka kai ga juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, ranar da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani. A shekarar nan ce ayarin Turawa, da motoci da kamarori, suke ɗaukar hoton hamada a ɗaya gefen iyakarmu. A cikin fim na awa biyu da ƴan mintoci, ban ji an ambaci fari ba. Ban ce dole kowane fim ya faɗi komai ba. Amma mai kallo ya sani: hamadar da ke cikin fim ɗin nan madubi ce da aka rataya don baƙo ya ga gajiyarsa a ciki.

Bana na kai wa ajina farkon fim ɗin a salula, muka kewaye ta. Mintocin farko kusan babu magana. Lok ya shiga wani ƙauye, ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, aka karɓi taba sigari a hannunsa aka juya masa baya. Wani mai raƙumi ya zo ya wuce shi bai tsaya ba. Masu sharhi a Turai sukan ce wannan na nuna kaɗaicin ɗan Adam a duniya. Wani dattijo a ajinmu, wanda ya yi shekaru yana kiwo kafin ya zauna gari, ya ce: "Malam, wane kaɗaici? Baƙon nan bai nemi mai gari ba, bai zauna ba, bai sha ruwa ba, sai tambaya. Ko ni ne ba zan tanka masa ba." Na ce: "Baba, gaskiyarka." Da motar ta kafe kuma Lok ya hau dukan taya da shebur, wani da ya yi zaman Libiya ya yi dariya, ya ce da ya rage iskar tayoyin da ya fita. Abin da baƙo ya ɗauka asirin hamada ne, a wurinmu rashin ladabi ne da rashin sanin hanya.

Inda gwanintar take

Kada a ce kushe kawai na zo yi. Antoniyoni gwani ne, kuma yabon gwani ya zama dole. Ku dubi wurin canjin fasfo. Lok na zaune a tebur ba riga, yana fama da hotunan, rakoda na juyawa, ana jin hirar da suka yi da Robatsan kafin ya mutu. Kamara ta bar shi a hankali ta juya wajen taga. Sai ga Robatsan a tsaye a baranda da ransa, sai ga Lok ya zo ya tsaya kusa da shi sanye da riga. Ba a yanke hoton ba. Jiya da yau sun zauna a ɗaki guda. Dabarar kuwa ba ta inji ba ce: lokacin da kamara ta kau da ido, ɗan wasa ya tashi ya zura riga ya zagaya.

Amma abin da ya sa har yau ake karantar fim ɗin nan a makarantun silima shi ne hoton da ke dab da ƙarshe. Kusan minti 7 ne, ba yankewa. Lok ya kwanta a gado a ɗakin otel. Kamara ta bar shi, ta fuskanci taga mai sandunan ƙarfe. Ta tsakanin sandunan muna hangen wani fili mai ƙura: wani tsoho zaune a gindin katanga, kare na yawo, yaro na wasa, motar koyon tuƙi na kewaye. Kamara na matsawa gaba, tafiyar hawainiya. Wata mota ta tsaya, mutum biyu suka fito, ɗaya ya nufo otel. Muka ji motsin ƙofa a bayanmu, muka ji wata ƙara, kamar harbi, kamar kuma mota ce ta buga. Kamara ba ta waiwaya ba. Ta iso sandunan, sai ta ratsa tsakaninsu ta fice, wurin da ko kyanwa sai ta matse. Ta kewaya filin, ƴan sanda suka iso da matar Lok, ta juyo tana leƙen ɗakin daga waje, ta sandunan nan dai da ta fito. Lok na kwance, rai ya yi halinsa. Aka tambayi matarsa ko ta gane shi, ta ce ba ta taɓa saninsa ba. Aka tambayi yarinyar, ta ce ta san shi.

To, yaya aka yi? Da farko, otel ɗin gina shi aka yi musamman don hoton nan, a garin Bera na lardin Almeriya, daura da dandalin da ake wasa da bijimai, ko da yake a fim an ce garin Osuna ne. A jikin rufin ɗakin aka kafa siririn dogo, kamara na rataye tana tafiya a kansa. Sandunan tagar an yi musu maƙali irin na ƙyaure. Da kamara ta matso har sandunan suka fita daga idonta, sai ma'aikata suka buɗe su gefe da gefe. A waje akwai injin ɗaga kaya mai tsawon kusan mita 30, da ƙugiya a rataye. Ƙugiyar ce ke karɓar kamara daga dogo. Kafin ta kama, dole tafiya ta tsaya na ɗan lokaci. Don haka mai ɗaukar hoto ya riƙa murza idon kamara yana jawo filin kusa, mai kallo ya zaci har yanzu ana tafiya. Don kada hoto ya yi rawa, aka ɗaura wa kamarar wasu ƙarafa masu juyawa da sauri, kamar katantanwar da yara ke murzawa, wadda muddin tana juyi ba ta faɗuwa. Kafin kamara ta juyo, an mayar da sandunan wurinsu.

Saura matsala biyu, haske da iska. Ɗaki duhu, waje rana. Shi ya sa ba sa aiki sai daga la'asar sakaliya zuwa magariba, lokacin da hasken ciki da na waje suka kusa daidaita. Iska kuwa in ta taso sai ta kaɗa kamara ta ɓata aiki. Antoniyoni na cikin wata mota a gefe, yana kallon ƙaramin talabijin, yana ba da umarni ta makirfo, mataimaka na isar wa ƴan wasa. Shugaban masu ɗaukar hoto shi ne Luciyano Tovoli. Kwana 11 suka yi kafin su samu minti 7 ɗin nan.

Da na nuna wa ajina wannan wuri, wata mata da ke zama a layin baya ta ce: "Malam, ai ransa ne ya fita ta tagar." Ba ta taɓa shiga gidan silima ba, amma ta faɗi abin da manyan masu sharhi suka cika takardu suna faɗa. An nuna mutuwa ba tare da an tona ta ba. Babu jini, babu kakari. An yi wa Lok sutura, an kau da ido daga gare shi lokacin fitar rai, kamar yadda mu ma muke rufe mamaci da zane.

Mutuwa ta uku

To, a nan ne nake da magana da Antoniyoni, ko da yake ƙasa ta rufe masa ido. Robatsan ya mutu, Lok ya mutu, amma dukansu da aka ce a tsaya sun tashi sun karkaɗe riga sun tafi cin abinci. Akwai mutuwa ta uku. A tsakiyar fim, a Landan, abokin aikin Lok na duba hotunan da ya bari, don ya haɗa shirin tunawa da shi. A ciki sai ga wani baƙar fata an ɗaure shi a turke, jama'a sun taru, sojoji sun jera sun buɗe masa wuta. Wannan ba wasa ba ne. Hoton kisa ne na gaskiya da aka ɗauka a Afirka, aka sa shi a cikin fim. Mutumin nan bai tashi ba.

A nan kamara ba ta kau da ido ba. Mun gan shi a tsaye, mun ga harsashi ya same shi, mun ga ya langaɓe. Ba a faɗi sunansa ba, ba a faɗi garinsu ba. A jerin sunayen ma'aikatan fim akwai mai sutura, akwai mai kwalliya, shi babu shi. Alhali uwa ce ta haife shi, watakila ya bar mata da ƴaƴa. Ku auna da kanku. Kwana 11, da gini, da injin mita 30, don a suturta mutuwar wasa ta Bature. Mutuwar gaskiya ta ɗan Afirka kuwa an baje ta a faifai kamar tumatir a kasuwa. Wannan wurin ban nuna wa ajina ba, da baki na gaya musu, ba kuma zan nuna ba.

Masu kare Antoniyoni za su ce ai ya san abin da yake yi, fim ɗin kansa tuhuma ce ga ɗan jarida. Gaskiya ne. Akwai wurin da Lok ke hira da wani shugaban ƙasa na Afirka, shugaban na cewa ƙasarsa lafiya lau, babu ƴan adawa. Lok ya san ƙarya ce, ya yi shiru. Matarsa ta tambaye shi don me bai ƙaryata shi ba, ya ce haka ƙa'idar aikin take. Akwai kuma wurin da na fi so duka. Lok na yi wa wani boka tambayoyi, mutumin da ya yi zaman Turai ya dawo gida. Ɗan wasan Senegal, Jems Kambel, shi ya fito a matsayinsa. Bokan ya nuna masa cewa irin tambayoyin nan sun fi tona mai tambaya, fiye da yadda amsa za ta tona wanda ake tambaya. Sannan ya miƙa hannu ya kama kamarar, ya juya ta ta fuskanci Lok, ya nemi a sake tambayar. Lok ya daburce, ya rasa ta cewa.

Wanda ya shirya wannan wuri ya san cutar da ke cikin sana'arsa. Shi ya sa laifin ya fi nauyi. Wanda ya taka ka cikin duhu daban, wanda ya kunna fitila ya gan ka sannan ya taka ka daban. Yana so ya nuna mana ɗan jarida na cin abinci da mutuwar mutane, sai shi ma ya sa hannu a akushin. Hukuncina ke nan: fim ne babba, ya cancanci a gan shi, a koyi aiki daga gare shi, amma akwai jinin da ba a wanke ba a gefen rigarsa.

Waɗanda suka juya kamara

Abin da bokan nan ya yi a cikin wasa, wani ɗan ƙasarmu ya riga ya yi shi da gaske. Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935, ya yi soja a yaƙin Indocin, ya koma dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Can Bafaranshen nan Jan Rush ya same shi, ya sa shi a gaban kamara a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Ganda bai tsaya nan ba. Ya zagaya bayan kamarar ya koyi aikin, ya shirya Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo gida, da Zabarmanci, aka nuna shi a bikin Kan na Faransa a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Ya rasu a 1981. A zamaninmu kuma Aisha Maki ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram, ta fito da fim ɗin Zinder a 2021, inda samarin unguwar ke ba da labarinsu da Hausa, da bakinsu, suna sane da wadda ke ɗaukarsu.

Mutanen Italiya ma sun dawo hamada. A 1990 Bernardo Bertoluci ya fitar da fim ɗin da Faransawa ke kira Un thé au Sahara, da Mak Peplo ɗin nan dai a cikin marubutansa, an kuma ɗauki wani sashe a Agadas. Amma babban Buzun labarin, wani gwanin rawa ne daga Faransa aka naɗa wa rawani. A 2023 Matiyo Garone ya yi Io Capitano, labarin samari biyu ƴan Dakar da suka bi ta Agadas da Libiya zuwa teku. A Senegal da Maroko da Italiya aka ɗauke shi, ba a Nijar ba. Sai dai wannan karon samarin ne a tsakiyar labari, da sunayensu, da harshensu na Wolof, an kuma gina labarin daga bakin waɗanda suka yi tafiyar da ƙafarsu. Tsakanin 1975 da 2023 an ɗan matsa, ko da yake tafiyar irin ta kamarar nan ce ta ɗakin otel.

Mu fa?

A 2005, shekarar yunwa, ina saurayi ɗan lakkol. Ƴan jarida sun zo jihar Maraɗi da manyan kamarori, har nan Dakoro. Na ga an ɗauki hoton yara masu tamowa a hannun iyayensu mata, wani lokaci ko sallama babu. Ba zan ce hotunan nan ba su yi amfani ba. Bayan duniya ta gan su ne taimako ya ƙaru, aka ceci rayuka. Amma har yau ina tunanin yaran nan. Waɗanda suka rayu yanzu sun zama magidanta da matan aure, hotonsu na ƙashi da fata kuwa na nan yana yawo a intanet, ba su sani ba.

A wancan lokaci muna iya cewa kamara a hannun baƙo take. Yau fa? Mota ta faɗi a hanya, kafin a kawo ruwa an ciro salula goma. An kama wanda ake zargi da sata, ana dukansa ana ɗauka. Ƴan bindiga sun kai hari wani ƙauye, kafin a yi jana'iza gawarwakin sun zagaya WhatsApp, har uwa kan fara ganin gawar ɗanta a salular maƙwabta. Wanda ya ɗauka namu ne, wanda ya tura namu ne. In mun tuhumi Antoniyoni a kan mutum ɗaya, mu mutum nawa muke bajewa a wata guda? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ranar da muka gama maganar fim ɗin, na rubuta tambaya uku a allo, muka karanta su baƙi-baƙi, kowa ya kwafa a littafinsa. Wa ya ɗauki hoton nan? Me ke bayan kamara da ba a nuna mini ba? Wanda ke cikin hoton, ya yarda? Dattijon nan ya daɗe a kan ta farko, don lanƙwasar harafin "ɗ" na ba shi wuya. Da ya gama sai ya ɗago kai ya ce: "Malam, a ƙara ta huɗu. In ɗana ne, zan tura?" Na miƙa masa alli, ya tashi ya rubuta ta da hannunsa.

Ina roƙon ƴan uwana malaman yaƙi da jahilci, daga Kornaka har Bermo, su gwada wannan darasi a azuzuwansu, su rubuto wa mujallar nan abin da ɗalibansu suka ce. Allah ya ba mu ido mai gani, ya kuma suturta mu duniya da lahira. Wassalam.